Ragon da Na Ɗaure a Ƙofar Mai Rediyo

Sana'ata ita ce dillancin tumaki, kuma gadonta na yi. Karatuna bai yi nisa ba: allo kaɗan, boko kaɗan, sauran abin da na sani a bakin rago na koye shi. In ka ba ni dabba na buɗe leɓenta, na leƙa idonta, na sa ta taka, zan faɗa maka ko ta isa layya ko ba ta isa ba. Ranar Lahadi ina kara, wato kasuwar dabbobi, a Mai'adua, sauran ranaku ina gida a Daura da 'yan ragunan da nake turkewa bayan zaure.

Jikin katangata akwai shagon wani mai gyaran rediyo, da ɗakuna a baya inda yake zaune da iyalinsa. Kirista ne, mutumin kudancin Zariya, amma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Mun daɗe tare. Ni ina ce masa Injiniya, shi yana ce mini Sarkin Kara, duk da babu wanda ya naɗa ko ɗayanmu. Bayan la'asar nakan jawo benci in zauna bakin shagonsa, yana narka dalma, ina ba shi labarin kasuwa. Ba ni da abokin hira kamarsa, kuma wannan zaman na bakin shago shi ne abin da na kusa ɓararwa da hannuna.

Shekarun da aka kawo shari'a ne. A unguwarmu ba a taɓa kowa ba, amma zama ya ɗan canza. Wasu baƙi sun kwashe iyali sun koma garuruwansu, mutane kuma suka fara lura da wa ke zama a bencin wa. Injiniya bai tafi ba. Na tambaye shi ko ba ya tsoro, ya ce in ya tafi wa zai gyara wa liman lasifika?

Wata rana, Babbar Sallah ta matso, ya ajiye rediyon da ke hannunsa ya ce, "Sarkin Kara, ina so ka koya mini duba rago."

Na ce, "Kai da ko kaza sai Madam ta riƙe maka?"

Ya ce, "An ɗora mini in yi bayani a coci kan hadayun Bani Isra'ila na zamanin da. Littafinmu sai maimaitawa yake, a kawo dabba marar aibu. Ni kuwa ban san aibun rago ba, ko da zai tunkuye ni."

Na kai shi turke. Na nuna masa yadda ake danna leɓe a ga haƙora, a san ko ya shekara. Na nuna masa idon da ya yi fari, da kunnen da ya tsage fiye da kima, da ƙahon da ya karye bai warke ba. Na saki wani rago uda na kore shi, na ce ya kalli ƙafar baya, domin gurgun rago a tsaye lafiyayye ne, sai ya yi tafiya asirinsa ke tonuwa. Yana kallo yana gyaɗa kai. Can ya ce kusan duk abin da na lissafa akwai shi a wurinsu: makaho, gurgu, mai ƙazuwa, mai karyayyen ƙashi, ba a kai su gaban Ubangiji.

Abin ya ba ni mamaki. Na ce to ya biya ni kuɗin karatu da labari.

Daga nan hirarmu ta bakin shago ta koma ta hadaya, wato layyarsu ta da. Ya ce mutanen nan suna da wani wuri na musamman da suke kira bagadi, wuta ba ta mutuwa a kansa. Mutum zai jawo bijiminsa ko ragonsa har ƙofa, ya ɗora hannu a kan dabbar, sannan a yanka. Firist, wato limaminsu, shi ke tare jinin ya watsa a jikin bagadin. Sai a feɗe, a yayyanka, a wanke kayan ciki da ƙafafu, a ɗora a wuta.

Na ce, "A gasa ke nan."

"A ƙone."

"Duka? Har cinya?"

"Har cinya. Akwai irin wadda ba a cin ko tsoka ɗaya."

Na shiga lissafa bijimi guda ya zama toka, ga maƙwabta suna shaƙar ƙamshi. Na ce, "Fatar fa?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ya sani fata zan tambaya. Fatar ta firist ce. Na ce to, nan kam sun yi kama da mu, don mu ma fatar layya ba ta cika kwana gidan mai ita ba.

Ya ce akwai kuma irin wadda ake ci, a ƙone kitse da ƙoda kawai, sauran nama a ci da iyali. Kowace hadaya sai an sa mata gishiri. Wanda bai da halin rago ya kawo tantabaru ko kurciyoyi, kuma tasa ta karɓu kamar ta mai bijimi. Wannan ta tsaya mini a rai. Na sha ganin magidanci yana zagaya kara tun safe yana taɓa raguna, ya koma gida hannu sake. Na ce a raina, da a ce tantabara tana isarwa, da mutane da yawa sun yi barci mai daɗi daren Sallah.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗora hannu. Mu muna yin niyya, mu ambaci sunan Allah, mu yanka, kuma malamanmu sun koya mana cewa ba nama ko jini ke isa wurin Allah ba, tsoronsa da ke zuciya ne. Injiniya ya ce su ma annabawansu sun yi irin wannan gargaɗin. Amma ɗora hannun nan, in ji shi, kamar mutum yana cewa ne, wannan dabbar tana tsaye a matsayina, abin da ya kamata ya same ni shi zai same ta.

Sai ya ba ni labarin bunsuru biyu. Sau ɗaya a shekara, babban limaminsu zai jefa ƙuri'a a kansu. Ɗaya a yanka. Ɗayan kuwa ya dafa kansa da hannu biyu, ya faɗi laifuffukan jama'a duka a kansa, sannan a ba wani mutum ya ja shi can cikin daji ya sake shi da rai.

Na ce, "In ya dawo fa?"

"Wa?"

"Bunsurun. Injiniya, ka san akuya kuwa? Na taɓa sayar da akuya a Zango, na tsaya shan fura, kafin in iso gida ta riga ni. A ce gari ya kwashe zunubansa ya ɗora wa bunsuru, da safe a tashi a gan shi bakin rijiya yana cin ɓawon rogo?"

Ya cire tabarau ya share ido. Ya ce shekarunsa nawa yana karanta wurin nan, bai taɓa tunanin haka ba, kuma littafin bai faɗa ba. Ya ce zai tambaya.

Sallah ta wuce, bikinsu na Ista ya matso. A nan ya gaya mini asalinsa: daren da Bani Isra'ila za su fita daga Masar, kowane gida ya yanka ɗan rago, aka shafa jinin a dogaran ƙofa, aka gasa aka cinye ba tare da an karya masa ƙashi ba. Na ce to su yaushe suke yanka nasu? Shekara da shekaru muna maƙwabtaka ban taɓa ganin jini a ƙofarsa ba.

Ya ce, "Mu ba ma yankawa. A wurinmu duk waɗancan dabbobin nuni ne, suna nuna wanda zai zo. Almasihu shi ne ɗan ragon, marar aibu, shi ya tsaya a matsayinmu. An yi sau ɗaya, an gama. Babu sauran jinin da za a ƙara."

Na ce masa mu a wurinmu annabi ne mai girma, kuma ba a kashe shi ba, Allah ya ɗauke shi. Ya ce ya sani. Mun sha zuwa wannan gaɓar, kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya, ba mu taɓa faɗa a kanta ba.

Maganarsa na ji ta sarai, babu kalmar da ta wuce ni. Amma da kunnen dillali na ji ta. Duk shekara ina jin bayanai masu kyau daga bakin mutanen da ba za su yi layya ba. Wani ya ce ai sunna ce ba farilla ba. Wani ya ce wansa ya yanka da sunan gida duka. Wani ya ce bana raguna ba su da lafiya. Ban taɓa ƙaryata kowa ba, amma na san aljihu ne ke magana, baki yana rufa masa asiri. To ga mutum ya san hadaya ciki da waje, ya zo har turke ya koyi duba haƙori, ya shafa bayan uda yana yaba shi, sannan ya ce wai su an gama musu. Ga shi kuma kasuwarsa ta ja baya tun da baƙi suka ragu. Na ce a raina, Allah sarki, Injiniya, na gane.

Na gaya wa mai ɗakina abin da na ƙudura. Ta ce, "Malam, ka tambaye shi?"

Na ce, "Ana tambayar magidanci ko yana da halin rago? Kina so in tsiraita shi?"

Haka muka taso. In kana da hali maƙwabcinka ba shi da shi, ba ka kiransa ka miƙa masa igiya a gaban mutane. Kai dabbar kake ka ɗaure masa, ka yi tafiyarka, in kun haɗu ku gaisa kamar ba a yi ba. Shi kuma ba ya mayarwa. Mayar da irin wannan kyauta ya fi zagi.

Ranar Juma'ar da ke gaban Istarsu, na dawo daga sallar asuba, na kwance udan nan da ya yaba, na ɗaure shi a ƙarfen rumfar shagonsa. Na koma gida zuciyata fari ƙal.

Hantsi bai yi ba ya yi sallama a zaurena. Bai zauna ba.

"Sarkin Kara, wani rago ya ɓata ya zo ƙofata."

"Bai ɓata ba. Allah ya karɓa."

"Ya karɓi me?"

"Hadayarka mana. Na duba shi da kaina, ko limaman da ka faɗa ba za su sami aibu a jikinsa ba."

Ya dube ni. Sannan ya zauna a bakin tabarma ya yi magana a hankali. Ya ce ya san abin da rago irin wannan yake a wurina, kuma ba a taɓa yi masa kyauta kamarta ba. Amma in ya sa masa wuƙa da sunan hadaya, a wannan Juma'ar kuwa da suke tunawa da mutuwar Almasihu, to ya ce wadda aka yi dominsa ba ta isa ba ke nan. Ya ce ko ya yanka don ci kawai a makon nan, babu mai yarda. Tun da safe masu wucewa ke tsayawa, wani har ya yi masa barka, yana tambaya yaushe za a je wurin liman ya musulunta. 'Yan cocinsa kuma da rana za su biyo ta nan.

Ya ce, "Ka taimake ni ka riƙe shi wurinka, bayan biki mu yi magana."

Ni abu ɗaya na ji: a mayar mini. Na ce, "Abin da ya fita gidana ba ya dawowa. In ba ka so, ka dafa kansa ka kai shi daji ka saki, kamar bunsurunku."

Labarin da ya ba ni cikin amana da dariya, shi na ɗauka na jefe shi da shi. Ya tashi, ya sa takalmansa, ya fita. Na ji ya kwance ragon ya shiga da shi cikin gida.

Bai yanka ba, bai mayar ba, bai sayar ba. Ya kafa masa turke jikin katangar da ke tsakaninmu. Ni kuma na ɗauke bencina. In na fito sai in bi ta ɗaya ɓangaren, in mun yi kiciɓis mu yi gaisuwar da ake yi wa baƙo. Bayan la'asar na koma zama a zaure ni kaɗai, ina jin ƙaurin dalma yana shigowa. Matanmu ba su shiga cikin maganar ba. Barkono da daddawa suna ta ƙetare katanga kamar da.

Damina ta zo ta wuce. A cikin zaman kaɗaicin nan na riƙa juya maganarsa. Da a ce wani ya ga ban ci abinci da rana a watan azumi ba, ya ɗauka babu ce, ya aiko mini da tuwo a rufe cikin mutunci, ya zan yi? In ci in karya azumina don kada ransa ya ɓaci? Na gane mutumin nan gaskiyarsa ya faɗa mini tun farko, ni ne ban saba ganin wanda ya ƙi rago don imani ba. Amma ganewa daban, tashi ka taka zuwa bakin shago daban.

Ragon kuwa yana nan, kuma kunnena ba ya barinsa. Daga kukansa nake sanin an makara ba shi ruwa. Na ji lokacin da suka cika masa dusa har cikinsa ya ɗaure. Na ce wa mai ɗakina, ba tare da na dube ta ba, ta gaya wa Madam a rage dusa a ƙara harawa, a jiƙa masa kanwa kaɗan. Ta ce, "Ni ce 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu da rago?" Amma ta kai saƙon.

Wata Lahadi, bayan an gama girbi, na dawo daga Mai'adua a gajiye. Na leƙa bayan zaure, sai ga udan tsaye daidai kan tsohon turkensa, da guntuwar igiya a wuya, ya tura kai cikin kwandon harawata. Sun tafi coci, ya tsinke, ya zagayo ta waje ya shigo gida kamar jiya ya fita.

Na tsaya ina kallonsa. Ya yi ƙiba, amma kofatansa sun yi tsawo har sun lanƙwashe, yana ɗingishi. Kuma wani abu ya kama masa kunne ya tsage shi har kusan rabi. Ko ni ba zan yarda a yi layya da shi ba yanzu.

In na riƙe shi, na karɓi kyautata ke nan, magana ta ƙare. In na aika a kai, haka za mu ci gaba har ɗayanmu ya mutu. Na ɗauko wuƙa na gyara masa kofato, na sa masa sabuwar igiya, na jira har na ji an buɗe shago. Sannan na ja shi da kaina.

Injiniya yana tsaye bakin rumfa da kayan cocinsa. Ya dubi ragon, ya dube ni.

Na ce, "Ya dawo."

Ya ce, "Ka ga amsar tambayarka ke nan."

"Injiniya, maganar da na faɗa maka ran nan ba ta da kyau. Kuma tun kafin ita, ka faɗa mini addininka na ɗauke shi talauci. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ni ma da na san yadda zan faɗa ba tare da kalmar mayarwa ta fito ba. Ya wuce." Ya shiga ciki ya jawo wani benci. "Zauna mana. Ragonka ya cinye mini takardun gyara da yawa, har da na rediyon liman."

"Ragonka dai."

Muka zauna har magariba. Ya ce ya tambayi manyansu maganar bunsurun. Wani ya ce nesa ƙwarai ake kai shi, wani ya ce akwai masu cewa daga baya sai aka riƙa tura shi daga kan dutse don kada ya dawo, amma wannan ba a cikin littafin yake ba. Na ce ashe su ma akwai dillalai a cikinsu.

Shi ya kawo shawarar yadda za a yi da udan. A nemi ranar da ba Sallah ba, ba Ista ba, ba Kirsimeti ba, ba suna ba, ranar da babu wanda zai iya ɗora mata wata ma'ana. Muka zaɓi wata Talata. Ya ce ni zan yanka, da sunan Allah yadda muke yi, don kowa a unguwa ya iya ci.

A bayan shagonsa muka kayar da shi. Na fuskantar da shi alƙibla, na ce Injiniya ya riƙe. Da na ɗago wuƙa sai na ga tafin hannunsa shimfiɗe a kan goshin ragon. Na tsaya na dube shi.

Ya ce, "Riƙewa kawai nake, Sarkin Kara. Yanka."

Matan suka soya, aka zuzzuba a kwanoni aka bi gida gida. Masu tambayar na mene ne, Madam ta ce musu na ci ne. Fatar ya ce a kai wa liman, a madadin takardar rediyonsa.

Ya ƙara shekaru tare da mu kafin idonsa ya gaza, 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi gida. Har ya tafi bai karɓi addinina ba, ban karɓi nasa ba, kuma bencin bai sake tashi daga bakin shagon ba. Watannin da na zauna a zaure ni kaɗai su nake jin ciwonsu, don akwai tambayoyin da na tara a lokacin na manta su kafin mu shirya. Ɗaya ta dawo mini bana a kara, ina cikin duba haƙorin wani balami: mutumin da ke jan bunsurun zuwa daji, shi wa ke zaɓensa, kuma in ya dawo gida matarsa tana yarda ya taɓa tulun ruwa?